Mace Ba Ta Leƙa Rumbu

Igiya ce ta fara tona maganar. Da wata mace ce ba Habsu ba, da sai ta kwance damin ta zuba a turmi, ta jefa igiyar a murhu, shi ke nan. To amma Habsu masaƙiyar tabarma ce, shekara ashirin da ɗoriya hannunta na cikin kaba, kuma duk igiyar da aka ɗaure geron gidan nan da ita, ita ta tufka ta. Ragowar kabar da ta rina ja take cusawa a ciki, sili ɗaya, don kada ta tafi a banza. Ko cikin dami ɗari aka jefa nasu, daga nesa za ta nuna shi.

Damin da mijinta Burahima ya ajiye mata a gindin turmi ran Asabar ɗin nan ba shi da jan sili. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ƙullin ma ba na hannunsa ba ne. Da ta zaro zangarniya ɗaya sai ta ga doguwa ce siririya, irin geron da ake kira zango, alhali gonarsu da ke bayan tudun rairayi, gabas da Gure, tun zamanin surukinta gajeren gero mai kaurin kai ake shukawa a cikinta.

“Malam,” ta ce, “wannan geron fa?”

Burahima yana ɗaura wa jaki mangala, bai ko waiwayo ba. “Mi ya same shi?”

“Ba komi. Na ga kamar ya yi tsawo.”

“To ki gode Allah da bai yi gajarta ba.”

Ya kora jakinsa ya fita. Haka Burahima yake, mutum ne da sai ka yi ta haƙa kafin ka samu magana a bakinsa, kamar rijiyar kan tudu. Habsu ta yi sussukarta, amma maganar ba ta bar ranta ba.

Asabar ta zagayo, dami ya zo ba jan sili. Ta sake zagayowa, haka, har aka kwashe makonni. Bazara ta kankama, zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki, kuma a lissafin Habsu yanzu ne ya kamata a ce ana cin babban rumbu, wanda aka zuba wa dami saba'in da kaka. Tana ganin Burahima yana jingina tsani da sassafe, tana jin ƙarar murfin, amma abin da ke isowa turminta ba abin da ta ga an zuba ba ne. Akwai kuma wani abu da ta ajiye a ranta tun ƙarshen sanyi. Wata safiya ta tashi ta tarar ya kwashe mata ɗaurin kabarta kaf daga ƙarƙashin rumbun, inda take jibge su saboda inuwa, ya watsar a gindin aduwa, ya share wurin tas har da kankare duwatsun da rumbun ke zaune a kai. Ranar ta yi masa faɗa sosai, don rabin kabar ta lalace. Bai ce mata kanzil ba. A lokacin ta ɗauka neman rigima ne irin na maza, yanzu kuwa sai ta fara tambayar kanta abin da mutum ke ɓoyewa da har zai share gindin rumbu.

Da za ta iya hawa ta leƙa, da an huta. Sai dai a gidan da ta tashi da gidan da ta yi aure, mace ba ta leƙa rumbun miji. Kakarta cewa take albarka ke gudu. Uwarta, wadda ta fi kakar wayo, cewa take ba albarka ba ce, ranar da mace ta san abin da ya rage a rumbu, ranar barcinta ya ƙare, shi ya sa aka bar wa namiji wannan ciwon kan. Ko wacce ce mai gaskiya a cikinsu, Habsu ta yi shekara ashirin da shida a gidan Burahima ba ta taɓa sa ƙafa a tsanin nan ba.

A bakin famfo abin ya ƙara lalacewa. Biba, matar Ɗan Talata maƙwabcinsu, wanda darni ɗaya ya raba gidajensu, ita ce ta ajiye bokiti ta riƙe ƙugu.

“Ni dai, mata, ana yi muna sata,” in ji ta. “Rumbun da ke kai mu har saukar ruwa, bana tun yanzu Malam ya buɗe na biyu. Na tambaye shi, wai ɓeraye. Ɓeraye! Wane irin ɓera ne ke ɗaukar dami da igiyarsa?”

Mata suka yi dariya, suka yi jaje. Habsu ma ta yi jaje, amma sai da tulunta ya cika ya tumbatsa ba ta sani ba. Kowa a unguwar ya san Ɗan Talata zango yake shukawa.

Da ta koma gida sai ta bi gindin darni kamar mai neman ƙwan zabo. A can kusurwa, bayan turken jaki, karan darnin sun saki, wuri ya buɗe daidai shigar mutum a sunkuye. A ƙasa ga ƙwayoyin gero nan jefi-jefi, tururuwa na ja. Ta tsaya tana kallon tururuwar nan. Burahima da Ɗan Talata tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, ko goro ɗaya ne sai sun raba. An ce zato zunubi, ta kuwa yi istigfari ya fi a ƙirga, amma kowane istigfari ta gama sai zaton ya dawo ya zauna inda ya tashi. Tsoro ne ya kama ta, tsoron ranar da za a tsaya a ƙofar gidan nan a kira uban 'ya'yanta ɓarawo.

Daga ranar ta koma sa masa ido. In ya yi tari sai ta ji kamar da manufa. In ya daɗe a masallaci, ina ya tsaya? In ya dawo da wuri, me ya koro shi? Tuwon zangon nan ma ta daina jin daɗinsa, sai ta tsakura ta ture.

To, Habsu na da waya. Ɗanta Fadilu ne ya aiko mata daga Agadas, mai shafe-shafe, don ta riƙa ɗaukar hoton tabarminta tana tura wa masu saye a Damagaram. Kada ka ga ba ta yi lakwal ba, wato boko, wayar nan ta san hannunta. A rana launin tabarma ƙonewa yake yi a hoto, ja ya koma kamar wankakke, saboda haka a ɗaki take ɗauka, kuma ɗakinta taga ɗaya gare shi kamar tafin hannu. Da gwaji da ɓata ta gane abubuwa. Ta gane sai an goge idon wayar da gefen zane, don maiƙon hannu na sa hoto hazo. Ta gane fitilar wayar maƙaryaciya ce, tana dallare abin da ke kusa ta bar na nesa cikin baƙi. Ta gane akwai wani ɗan jinjirin wata a gefe, in ka taɓa shi wayar kan tsaya tana shan haske a hankali, kai kuma sai ka dafa gwiwar hannu a kan wani abu, ka riƙe numfashi, ka ƙirga uku. Ka motsa ko kaɗan, tabarma ta zama kunu.

Ran Alhamis tana ɗaukar hoton wata tabarma mai zanen ƙafar kaza, numfashi a riƙe, sai dabarar ta faɗo mata. An ce mace ba ta leƙa rumbu. Wa ya ce waya ba ta leƙawa? Ta saki numfashin, ta ce a'uzubillahi, ta ajiye wayar a ƙarƙashin filo. Kafin la'asar ta ɗauko ta ta kai caji.

Ran Juma'a ta jira har unguwa ta zama ta mata da awaki. Da ta ji liman ya fara huɗuba daga nesa, sai ta sa sakata a ƙofa, ta jawo tsanin ta jingina. Matakala shida ce, amma sai ta ji kamar tana hawan dutsen Gure. Rumbun ƙasa ne, tsohon gini, bakinsa a sama ɗan ƙarami, da murfin ciyawa mai nauyin tsiya. Ba ta iya ɗage shi duka ba, kuma ba ta so, sai ta ɗaga gefe ɗaya ta tokare da muciya. Ta juya fuskarta gabas, ta kafe ido a kan wata goruba can nesa, don ko gaban Allah ta ce ita ba ta leƙa ba. Sannan ta zura hannu.

Na farko baƙi ƙirin ya fito, kamar gindin tukunya. Na biyu ta yi gaggawa ta kunna fitila, abin da ta sani sarai ba ya yi, sai ga ƙura ta cika hoton da fararen ɗigo kamar ana yayyafi. Ta ja tsaki. Zufa na gangarowa cikin idonta, ga wata akuya ta tsaya a ƙasa tana kallonta kamar an aiko ta. Ta goge idon wayar da bakin zane. Ta taɓa jinjirin watan. Ta kwantar da wuyan hannunta a leɓen rumbun ta danne shi da ɗaya hannun, har tsanin ya yi ƙara. Ta riƙe numfashi. Ɗaya, biyu, uku, ta ƙara huɗu da biyar don kada a yi biyu babu.

Sai da ta mayar da murfi, ta kwantar da tsani daidai inda ta same shi, ta share sawunta da tsintsiya, ta shiga ɗaki, sannan ta duba.

Rumbu cike yake. Ga dammai nan kwance kan juna har kusa da baki, launin zuma, ga jan silinta yana ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Hoton ya yi kyau har ya fi na tabarmin, sumul, ba ko ƙura. Ta buɗa shi da yatsa biyu, gefe-gefen ya ɗan narke kamar yadda hoton duhu ke yi, amma ja dai ja ne, dami kuma dami ne.

Ta zauna a bakin gado ta yi hamdala. Can kuma sai wata tambaya ta taso mata. In rumbu cike yake, me ya kai Burahima ga na mutane? Ta juya abin ta kowace fuska, daga ƙarshe ta zaɓi fuskar da za ta bar ta ta yi barci. Mai dami saba'in ba ya sata. Wataƙila zangon saye ya yi da araha a wajen mutanen Bune, yana tattalin nasu saboda damina. Ramin darni kuwa, ai jaki ma na iya yin sa. Ba ta gamsu duka ba, amma ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Da abin ya tsaya nan, da ba a samu labari ba. Sai ga suna ran Talata a gidan mai unguwa, mata cike da tsakar gida, ana ta rabon fura. Biba ta zauna nesa da Habsu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kuma ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Na bi sawun ɓeran nan namu,” in ji ta. “Ashe ba shi da nisa. Ƙwaya-ƙwaya har gindin darni. Wani ɓeran ma da jaki gare shi.”

Ba wanda ya kalli Habsu, kuma wannan rashin kallon ya fi kallo ciwo. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma da Habsu ta tuna da haka da ta ci gaba da shan furarta. Ina! Jini ya riga ya hau.

“Biba, in da ni kike, ki kira sunana.”

“Ni na kira sunan wani? Ɓera na ce.”

“To bari in nuna miki abin da ɓeran ya bari a gidansa.”

Ta kwance bakin zane ta fiddo waya. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ta kusa ta miƙa gaba. “Rumbunmu ke nan, ran Juma'ar nan. Ku duba da kyau. Wanda Allah ya ba wannan, mi zai yi da zangon wani?”

Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana masha Allah. Wata tsohuwa ta riƙe ta nesa da ido, ta daɗe, sannan ta ce, “Ɗiyata, wa ya leƙa miki?”

“Waya ta leƙa, Inna. Ni gabas nake kallo.”

Aka fashe da dariya, har da masu tafawa. Biba ta karɓa ta duba. Ta ce wa wata jikar mai unguwa ta tura mata hoton a tata wayar, wai za ta nuna wa Malam don ya daina zargin maƙwabta, alhali Malam ɗin bai taɓa zargin kowa ba. Habsu ta koma gida tana taku ɗai-ɗai, ranta fes. Ta wanke mijinta a gaban mata arba'in, a ganinta har tukwici ya kamata a ba ta.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Ta lura Burahima ya daina zama a dakalin Ɗan Talata bayan la'asar. Ran Juma'a ya dawo daga masallaci shi kaɗai. Ran Asabar ta share gindin turmi ta jira, rana ta ɗaga, ba dami. Tsani na kwance inda yake. Burahima na zaune a gindin aduwa a kan buzu, hannu bisa gwiwa.

“Malam, rana na yi. Ba a fiddo hatsi ba.”

“Zo ki zauna, Habsu.”

Ta zauna a bakin tabarma. Rabon da ya ce mata ta zo ta zauna, tun rasuwar uwarta.

“Ɗan Talata ya nuna mini wani hoto,” ya ce. “A ƙofar masallaci, gaban mutane bai ce komi ba. Sai da muka keɓe ya ce, Burahima, ka zo mini da idonka jawur ka ce ba ka da abin ba iyali. Na buɗe maka darni da hannuna. Wata uku ina yi wa matata ƙaryar ɓeraye, tana yi mini kallon sakarai. Ashe naka ka rufe kana cin nawa.”

Habsu ta ɗago kai. “Shi ya ba ka?”

“Shi ya ba ni. Ya ce ko bayan ransa kada wani ya ji.”

“To don mi? Ga rumbu cike!”

Ya dube ta, irin duban da ba faɗa a cikinsa, wanda ya fi faɗa zafi. Ya tashi ya ɗauko tsanin ya jingina, ya hau ya ɗage murfin gaba ɗaya ya sauke shi ƙasa. Rana ta faɗa cikin rumbun.

“Hau.”

“Malam, mace ba ta…”

“Kin riga kin leƙa da idon aro. Hau ki leƙa da naki.”

Ta hau. A cikin hasken rana launin zumar nan babu shi. Dammai na nan kwance yadda ta gan su, da jan silinsu, amma duk jikinsu lulluɓe yake da ƙasa ja-ja mai hanyoyi kamar jijiya. Ta kai hannu ta dafa na sama. Hannun ya burma har gwiwa, kamar ta dafa busasshen kumfa, wani wari na ruma ya taso. Ta damƙo abin da ta damƙo ta fiddo, ƙasa ce da ƙaiƙayi da 'yan ƙwayoyi da ba su cika cokali ba. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye dami saba'in, ta bar musu siffa a sama. Wayar kuwa, da ta rasa haske, sai ta shafe hanyoyin garar sumul, ta ba ƙasa launin gero, ta miƙo wa Habsu abin da ranta ke so.

Daga saman tsanin ta sunkuya ta dubi gindin rumbun. Duwatsu tara ne ke ɗauke da shi, don kada gara ta samu hanya. A jikin na tsakiya har yanzu akwai tabon inda aka kankare. Nan ta jibge ɗaurin kabarta tun kaka, tun daga ƙasa har suna taɓa cikin rumbun, wata huɗu cur, saboda inuwa. Ita ta yi wa gara tsani.

Ta sauko da ƙyar. “Kabata ce,” ta ce.

“Ƙaddara ce.”

“Ka sani tun ranar da ka kwashe ta. Na tsaya nan ina zazzaga maka masifa, ka sani.”

“In na faɗa miki, geron zai dawo?” Ya koma kan buzunsa. “Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.”

Kuka ya zo mata, ta haɗiye shi, don ba lokacinsa ba ne. “To ka kira shi ya zo ya gani. Taku goma ne.”

“Na rantse masa, ya ce hoto ba ya ƙarya. Wanda ya gaskata hoto ya ajiye rantsuwata, ba ni jan hannunsa zuwa rumbuna.” Ya kawar da kai. “Gobe in kai jakin kasuwa.”

Jakin nan shi ne ruwansu, shi ne itacensu, shi ke kai taki gona. In ya tafi, abin da zai kawo ba zai kai su saukar ruwa ba, balle kaka. Kuma ko ya kai, Burahima zai ci gaba da zama maƙaryaci a idon mutumin da suka raba goro shekara hamsin. Habsu ta san mijinta, zai mutu a kan buzun nan bai taka taku goman ba.

Ta ɗauko babban faifai da tsohon zane. Ta sake hawa tsanin, wannan karon ba ta kalli gabas ba. A hankali, kamar mai ɗaukar jariri, ta zuro hannu biyu ta ɗago dami ɗaya daga gefe, wanda bai burma ba, ta kwantar a faifan. Ba shi da nauyin komi.

“Ina za ki da shi?” in ji Burahima.

Ramin darni na nan bayan turke, taku goma, ba mai gani. Ta dube shi ta wuce. Maganar da ta yi a gaban mata arba'in ba ta ramin darni za a janye ta ba. Ta ɗora faifan a ka, ta fita ta ƙofar gida, da hantsi, lokacin da mata ke dawowa daga famfo.

Ɗan Talata na zaune a dakalinsa da mutum uku, yana gyaran hauya. Biba na bakin zaure da bokiti. Habsu ta durƙusa ta gaishe su, ya amsa a daƙile ba tare da ya ɗago ba.

“Malam Ɗan Talata, ga abin da ke cikin hoton nan na kawo maka. Ka duba igiyar, ka san hannuna.”

Ta sauke faifan ta kife shi a gabansa. Damin ya fashe ya zama tulin ƙasa, ƙura ta tashi, 'yan fararen gara suka bazu suna neman duhu. Jar igiyar kaɗai ta rage a kwance, a ƙulle, ba ta ɗaure da komi ba.

“Haka saba'in ɗin suke,” ta ce, yadda kowa zai ji. “Ni na jingina kaba a gindin rumbu gara ta hau. Ni na leƙa abin da aka hana ni. Ni na kai shi gidan suna. Shi bai yi maka ƙarya ba ko ta ƙwaya ɗaya. Ba mu da hatsi, Malam. Tun ƙarshen sanyi naka muke ci.”

Matan famfo sun tsaya da tulunansu a ka. Ɗan Talata ya ajiye hauyar, ya sa yatsa ya tona ƙasar, ya murza. Ya daɗe yana murzawa. Sannan ya share hannu a riga, ya tashi ya nufi ƙofar Burahima, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a dakali.

Biba ta ajiye bokitin. Ta dubi tulin ƙasar, ta dubi Habsu da ke durƙushe. “Ashe ɓeran nawa a ɗakina yake kwana,” ta ce a hankali, ba wanda ya yi dariya. Ta kama hannun Habsu ta tashe ta.

Jaki bai je kasuwa ba. Kafin azahar dami ya iso, zango dogo, Biba ce ta ɗauko shi a ka ta shigo ta ƙofar gida da sallama, yara na biye da ita suna kallo. Washegari wata ta aiko da hatsi tiya biyu, wani ya aiko da wake. Unguwa ta yi abin da unguwa ke yi, kuma kowace ƙwarya da ta shigo sai da ta wuce ta gaban Burahima a gindin aduwa. Yana amsa sallama, yana godiya, idonsa a ƙasa. Abin da ya yi wata uku yana sunkuyawa ta ramin darni don kada a gani, yanzu ga shi yana shigowa da rana tsaka, kowa ya san ƙwaryar wa ce.

Da yamma ta kai masa tuwo ta ajiye, ta tsaya. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya daɗe da lomar a hannu.

“Kin goge hoton?” ya ce.

“Na goge nawa. Yana wayar mutane.”

Ya gyaɗa kai. “Ya yi kyau kuwa. Ɗan Talata ya sake nuna mini. Ban taɓa ganin geronmu ya yi kyau haka ba.”

Ya kai lomar baki. Habsu ta juya ta koma gindin murhu, a nan ne kukan da ta haɗiye tun safiyar jiya ya samu hanya.